Wa'azin Azumi na Goma Sha Bakwai

Ni na bayar da kaset-kaset ɗin, kuma har gobe ban ga laifina ba. Mutum ya ajiye kwali a saman kwaba shekara goma sha ɗaya ko ƙura bai taɓa kaɗe masa ba, sannan a ce ni ce mai ɓarna?

Baban Yusra, wato maigidana, ya yi ritaya daga ofishin jakadancinmu na Riyadh, saura sati uku mu koma gida. Jirgi kuwa ba ruwansa da tarihin kayanka, kilo yake aunawa. Ina cikin rage tarkace na sauko da kwalin nan, na tarar da kaset arba'in cif, kowane an rubuta masa da jan biro: Wa'azin Azumi na ɗaya, na biyu, har na arba'in. Mu ba mu da abin sa kaset, wa'azi kuma ba a zuba shi a shara. Duk garin nan mutum ɗaya na sani mai rediyon kaset, Malam Ousmane, wani dattijo ɗan Damagaram da ke kawo mana albasa da tumatir daga kasuwar Aziziya a tsohuwar a-kori-kurar kafilinsa, wato Balaraben da yake wa aiki. Ranar Talata na miƙa masa kwalin, na ce sadaka ce, Allah ya kai ladan kabarin iyayenmu. Ya yi ta addu'a, har ya ƙara min lawashi.

Ranar Alhamis maigida ya taka kujera ya leƙa saman kwaba. Ya sauko ya zauna a ƙasa daɓas, mutumin da kullum gwiwa ke hana shi zaman tabarma.

"Maman Yusra, ina kwalin?"

"Na yi mana sadaka da shi. Ko wa'azin ma rowarsa za a yi?"

Ya ce, "Ba wa'azi ba ne. Kiɗa ne, buluz da rok."

Sai kun san mutumin nan za ku gane abin da na ji. Gemu fari tas, kowa Malam yake ce masa, idan liman ya makara shi ake turawa gaba. Wayata ma sai da ya sa na cire mata kiɗan kira. Shekara talatin da huɗu ina zaune da makaɗi ban sani ba.

A nan ƙasa ya ba ni labari. Suna samari a Jos, shi da wansa Mustapha suka haukace a kan kiɗan. Mahaifinsu ya taɓa fasa jitar Mustapha a kan turmi, shi ya sa suka koma rubuta wa kaset ɗinsu wa'azi, don tsoho ba zai ƙona wa'azi ba. Talatin da tara na manyan makaɗan Amurka da Ingila ne. Na goma sha bakwai kuwa nasu ne, an ɗauka a wani otal a 1983, Mustapha a jita, shi a ganga. Bayan shekara biyu Mustapha ya rasu a hatsarin mota.

"Duk duniya nan kaɗai muryarsa take," in ji shi.

Haushi ya kama ni, tausayi ya danne haushin. Na ce, "To tashi mu je mu karɓo."

"Sadaka? A karɓo sadaka?"

Kun ji fa. Bara da na ba wata tukunyata bisa kuskure na so in karɓo, mutumin nan ya hana ni, kuma bai tsaya nan ba sai da ya yi nasiha a kai a masallaci. Na ce masa yau dai fatawa ta biyo mai ita gida.

Asabar da safe muka kama hanyar Aziziya. Tsoronsa biyu ne: ko Malam Ousmane ya ji kiɗa ya watsar da kwalin a bola, ko kuma ya riga ya ba jama'ar masallaci labari. Don ya rage fargaba sai ya buɗe min makaranta. Wai buluz kiɗan baƙaƙen Amurka ne, jikokin waɗanda aka kwashe daga ƙasashenmu, suna noman auduga suna kuka da jita. Wai daga baya samarin Turawa masu gashi kamar na mata suka ɗauka suka sa masa wutar lantarki, ya zama rok. Wai duk kiɗan da yaran yanzu ke tsalle a kai, tsofaffin nan ne suka haƙa rijiyar. Na ce Allah ya ƙara sani, Malam, ashe darasin da ka fi ƙwarewa a kai ke nan.

Kafin mu ga motar muka ji ta. Tana tsaye a layin 'yan albasa, ƙofa a buɗe, wani tsoho mai murya kamar ana jan buhu a kan siminti yana ta nishi a cikin rediyo. Wasu 'yan dako Sudanawa suna lodi suna gyaɗa kai. Malam Ousmane na zaune ido rufe, yana buga ƙafa.

"Hajiya," ya ce da ya gan mu, "wa'azin nan naki ya shige ni. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma na tara ɗin nan gurmi ne tsantsa. Wanda ya kai shi can namu ne."

Maigida ya manta abin da ya kawo shi. Suka hau musu a tsakiyar kasuwa: shi yana cewa mai na ashirin da biyu ba a taɓa haihuwar mai yatsunsa ba, Malam Ousmane yana cewa wannan ihu kawai yake kamar an sace masa akuya, sai dai lodi ya fi sauri idan an sa shi. Ni ina tsaye albasa na sa ni hawaye. Sai da na yi gyaran murya sau uku.

"Malam Ousmane," maigida ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "na goma sha bakwai nake roƙo. Shi kaɗai."

"Haba Malam. Kai da bakinka ka koya mana sadaka ba ta komawa."

Na buɗe baki zan sauke masa kwandon magana, sai ya ɗaga min hannu, ya dubi maigida. "In na ba ka, da me za ka saurara?"

Ashe tun da aka canza motocin ofis zuwa marasa kaset, shekara goma sha ɗaya, bai sake jin kaset ko ɗaya ba. Ajiya kawai yake yi.

"Yalla, shigo," in ji Malam Ousmane.

Suka matsa min gefen taga. Kaset ya yi shuu, aka ji hayaniyar mutane da ƙarar kwalabe, sai ganga, sai wata jita ta shigo a hankali tana kuka. Can sai muryar saurayi, yana dariya yana kiran sunan maigida: "Maiwada, ƙara wuta, kana jan mu baya."

"To, Yaya," maigida ya amsa. A fili ya amsa, cikin motar albasa, gemunsa ya jiƙe sharkaf. Ni ma na yi kuka, kuma wannan karon ba albasa ba ce.

Da kiɗan ya ƙare Malam Ousmane ya zare kaset ɗin ya goge shi da bakin rawaninsa. "Sadaka ba ta komawa hannun wanda ya bayar," ya ce. "Hajiya ce ta ba ni. Kai ba ka ba ni komai ba." Ya zura masa a aljihun gaba. "Halas. Talatin da taran kuwa ba za su koma ba, ko Hajiya ta kai ƙara wajen alƙali."

A hanyar gida maigida na tuƙi kamar mai tallan ƙwai, motoci na ta yi mana hon, shi kuwa yatsunsa na ta buga sitiyari. Na dube shi na ce, "Baban Yusra, ƙara wuta, kana jan mu baya."

Dariya ta ci ƙarfinsa har sai da ya faka a gefen titi. Ni kuma na fara tunanin wace tukunyar zan sake bari, don rediyon kaset ɗin da zan saya masa ya samu wuri a akwati.