Takardar Laraba

"Sunan matar?"

Jibrilla ya ɗaga biro yana jira, takarda bisa gwiwarsa. Illo baduku na kishingiɗe jikin bangon zaure, ya gama tari ke nan yana share baki da gefen riga. Malami maƙwabcinsa na bakin ƙofa ya harɗe ƙafafu, sai shafa gemu yake, domin shi ya taka keke tun daga Burkusuma har Isa ya ɗauko wannan dillalin takardu.

"Laraba," in ji Illo.

"Shi na sunanta na yanka?"

Illo ya dubi ƙasa. Daga cikin gida ana jin Inna, mahaifiyarsa, tana kankare tukunya. "Laraba dai," ya ce a hankali. "Kowa da Laraba ya san ta."

Malami ya san ba haka ba ne. Shi ya karɓa wa Illo auren, da kunnensa ya ji liman ya ce Fadima. To amma Fadima sunan Inna ne, kuma wane ɗan halak ne zai buɗe baki ya ambaci sunan uwarsa tana bayan katanga tana ji? Tun da amarya ta tare aka koma kiranta da sunan ranar haihuwarta, har ita kanta ta saba. Malami ya ci gaba da shafa gemu. Suna ai suna ne, ya ce a ransa. Jibrilla kuwa sauri yake, ana jiransa a Turba, ya rubuta Laraba da manyan baƙaƙe ya wuce layi na gaba.

Ga yadda abin ya faro. Laraba 'yar can ƙetare ce, wani ƙauye wajen Tsibiri, ƙasar da tsofaffi har gobe suke kira Faransa. Da cikinta ya tsufa ta tafi gida haihuwa kamar yadda aka saba. Ta sauka lafiya, namiji, aka sa masa Maliki. Ba ta gama wanka ba aka canza kuɗi, aka rufe iyaka, aka jibge masu kaki a kan hanya. Shekarar kuwa, Allah kada Ya maimaita. Damina biyu gero na tsirowa ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Gulbi ya ƙafe har ana tona tsakiyarsa. Mata na fasa gidan tururuwa su kwashe 'yar tsabar da ta tara. Shanu na faɗuwa a tsaye, fata ta yi arha kamar banza, amma wa zai sayi takalmi cikinsa na kuka? Illo ya zauna cikin tulin fatu ba ciniki, ga tari ya sarƙe shi tun bazara, ga ɗansa na fari bai taɓa ɗora ido a kansa ba.

Yero, Bafillatanin da ke kawo masa fatu, shi ya fara kawo shawara.

"Ka ba ni jaki da kwana biyu," ya ce. "Burtali ba ya da shinge. In bi da ita inda muka bi da shanu, jibi war haka tana ɗakinta."

Malami ya yi tsalle ya dire. Shi fa ya taɓa yin masinja a ofishin hakimi shekara uku, tun daga nan ba a zancen hukuma a unguwar sai an ji ta bakinsa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

"Haba Yero! Mace mai jego za ka kora cikin daji kamar karsana? In anka kama ta fa? Ba ka ga waɗanda anka loda cikin mota ran kasuwa ba, mata da ɗiya, ba wanda ya san inda anka zube su? Kuma ko ta iso, kullum ta ji ƙarar mota sai ta shige ƙarƙashin gado? A'a. A yi abu bisa ƙa'ida. Akwai wani yaro a Isa, Jibrilla, aikinsa ke nan. Shi ka shiga Sakkwato shi fito da takarda mai hatimi, ta shigo ta ƙofa da rana tsaka, ba mai ce mata kanzil."

"Kwana nawa?" in ji Yero.

"Gaggawa aikin shaiɗan ta."

Illo mutum ne mai gudun magana, bai taɓa taka ofishin 'yan sanda ba ko don shaida. Ya ce, "Ban so ta zauna gidana kamar ɓarauniya. A kira mai takardar." Ya sa aka kai rediyonsa da tunkiyar Inna kasuwa. Yero ya kaɗa kai, ya saɓa sandarsa ya fita.

A yi wa Jibrilla adalci, ba macuci ba ne. Bai gudu ba, bai ɓuya ba. Sai dai takarda ba ta san mutum na tari ba. Ya je Sakkwato aka ce a kawo shaidar aure, ya dawo liman ya rubuta. Ya koma aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ya sake komawa aka ce a jira. Mako bakwai cur ana abu ɗaya, Illo kuwa kullum ƙara zubewa yake. Ƙafafunsa suka kumbura, wuyansa ya zama kamar na tulu. Saude, matar Malami, takan dama kunun garin rogo ta miƙa ta kan katanga, Inna ta karɓa ta dawo da ƙwaryar da rabi a ciki.

Ranar da takarda ta iso, Malami ya zagaya unguwa da ita kamar shi ya haife ta. Ga hatimi ja, ga sa hannu har biyu. Aka aika wa Laraba ta bakin masu fataucin goro cewa ta zo bakin shinge ran Lahadi. Da Malami zai hau keke, Illo ya kama hannunsa. Hannun da zafi rau.

"Malami, amana. Kada ka hwaɗa mata halin da nike ciki. Tana shayarwa, kada nononta shi ɗauke. In ta zo ta gani da idonta."

"Na ɗauka," in ji Malami.

Shingen ba wani abu ba ne, ganga biyu ce da sanda a gicciye, sai rumfar kara da benci. Laraba ta riga shi isowa, ita da yayanta da jaki. Ta rame ƙwarai, amma ta yi wanka ta ɗaura zanenta mai kyau, yaro na goye. Ta durƙusa har ƙasa.

"Baba Malami, ina kwana? Ina mutan gida? Ina Inna?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Duk suna gaishe ki."

"Shi fa?"

"Yana nan. Aiki ya riƙe shi."

Mai kakin da ya karɓi takardar matashi ne, Hausarsa ta Kano. Ya karanta, ya miƙa hannu ta ba shi katinta na ƙasarsu, ya haɗa su ya duba, ya sake dubawa.

"Baba, wannan takarda ta Laraba ce. Wannan kuwa Fadima ce."

"Ita ta! Wallahi ita ta. Sunan uwar mijinta gare ta, shi ya sa ba a kira."

"Na gane, baba. Ni ma gidanmu haka ake. Amma ka ga oga can a zaune, shi abin da ke rubuce yake dubawa." Ya waiwaya wajen rumfa, ya rage murya. "Bari mu yi haka. Ke, baiwar Allah, faɗa min sunan mijinki da bakinki. In ya zo daidai da na takarda, zan san abin da zan gaya wa oga."

Laraba ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Sunan miji? Gaban yayanta, gaban Baba Malami, gaban bare? Ta yi 'yar dariyar kunya ta sunkuyar da kai.

"Hwaɗi mana, Laraba," in ji Malami. "Ba laifi. Lalura ta."

"Maigidanmu dai," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Sunansa nake so."

"Kai, Baba, ku hwaɗa mishi mana, ai kun sani."

Magana ɗaya ce a bakin Malami: mijinki na mutuwa. Da ya furta ta, wallahi da ta kira sunan nan har sau goma da ƙarfi. Ya dubi yaron da ke barci a bayanta, kai duk jijiya, ya tuna zafin hannun Illo da kalmar amana. Ya haɗiye maganar.

"Laraba, don Allah, don Annabi."

"Baba, in gyara za a yi, a gyara," ta ce cikin ladabi. "Wata nawa na yi ina jira? Mako guda ba shi kashe ni. Ku ce mishi yaro na lafiya, kamarsu ɗaya."

Ogan ya daka tsawa daga rumfa, matashin ya ninke takardar ya miƙa wa Malami. "A gyara sunan, baba. Ku yi haƙuri." Yayan ya juya jaki. Malami ya tsaya riƙe da keke yana kallo har suka shige cikin sabara.

Bai bi ta gida ba, sai da ya nemo Jibrilla a tashar Sabon Birni. Jibrilla ya dafe kai. "Subhanallahi! Ai na tambaya! Gabanka na tambaya, Malami, kana zaune!" Malami ya san gaskiya ce. Jibrilla ya ce zai koma Sakkwato, ba sai an ƙara masa komai ba, amma sabuwar takarda sai an sake bin layi daga farko.

Illo na kwance a zaure da ya ga Malami ya shigo shi kaɗai. Bai tambayi dalili ba. Da aka gaya masa, sai ya rufe ido.

"Ka ga yaron?"

"Na gan shi. Tubarkalla, ƙato. Kai ya biyo sak."

"Ita fa?"

"Ta yi kyau abinta."

Illo ya yi murmushi, tari ya ƙwace shi, Inna ta tallafe kansa. Da ya lafa ya ce, "A kira min Yero."

Malami ya fita da sassarfa har rugar su Yero. Ya tarar da turaku da toka da busasshiyar kashin shanu. Wata tsohuwa da aka bari ta ce sun yi kudu da sauran dabbobin kwana tara da suka wuce, ba a san ranar dawowa ba. Malami ya zauna bisa wani turmi da aka kife, ya yi kuka irin na manya, ba sauti. Yana jin haushin Jibrilla, yana jin haushin mai kaki, amma ya san wanda ya fi cancanta da haushin.

Ran Alhamis da hantsi Illo ya cika. Ba wani tashin hankali. Inna na ba shi ruwa da ludayi, ya kurɓa sau biyu, na uku ya zubo ta gefen baki. Ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana yaro, bai amsa ba, sai ta shafe masa ido ta leƙa ta kan katanga ta ce, "Saude, kira min Malami." Ƙasar maƙabarta ta yi tauri kamar dutse, majiya ƙarfin ma yunwa ta cinye su, sai da aka yi ta karɓa-karɓa kafin kabari ya samu. Kafin azahar an dawo an shimfiɗa tabarmi.

Bayan addu'ar uku aka rasa wanda zai kai labari ƙetare. Malami ya ce shi za shi. Bai ɗauki keke ba, bai bi ta shinge ba. Ya yi sallar asuba ya kama burtali da ƙafa, gorar ruwa a kafaɗa, yana waiwaye duk sanda iska ta motsa kara. Ya wuce ƙasusuwan shanu, ya wuce rijiyar da ta rufta. Ya yi ta zuba ido ya ga mai kaki, ko mota, ko wani dutse da zai nuna masa nan ƙasa ta ƙare wata ta fara. Bai ga kowa ba. Ko kare bai yi masa haushi ba. Rana ba ta kai tsaka ba sai ga shi a bakin ƙauyen su Laraba.

Wayyo Allah. Tafiyar ke nan duka.

Ya yi sallama a ƙofar gidan. Tana tsakar gida bisa tabarma, ta yi sabon kitso, ga kayanta a ɗaure cikin zane an jingine jikin rumbu. Ta miƙe da murna tana gyara goyo.

"Lale, Baba Malami! An gyara?"

Ya tsaya. Ta dubi hannuwansa, ba komai cikinsu. Ta dubi ƙafafunsa da suka yi futu-futu, ta dubi fuskarsa.

"Sai haƙuri, Fadima," ya ce.

Ba ta yi ihu ba. Ta koma ta zauna a hankali, ta kwance goyon ta kwantar da yaron bisa cinyarta.

"Yaushe?"

"Ran Alhamis."

Ta gyaɗa kai. Uwarta ta fito daga ɗaki tana salati, maƙwabta suka fara leƙowa. Ita kuwa ta kai hannu kunnen dama ta zare ɗan kunne, ta ajiye bisa faifai. Na hagun ya maƙale. Ta yi ta murza shi da yatsu biyu, yaron na wasa da bakin zanenta.