Irin Cittar da Silvanus Ya Niƙa

Aikin ganin ido shi ne laifin da zan faɗa muku. Mai laifin kuwa ɗan garinmu ne, Silvanus, wanda gwamnati ta damƙa wa aikin sama wa samarinmu sana'a.

Mu mutanen gefen Kafanchan noman citta muka sani. Aka ce za a gina mana gidan niƙa ta, yara su samu aikin da ba ya ƙarewa da ɗaukewar ruwa, su daina gudu birni. Haƙƙinmu ne, ba alfarma aka yi mana ba.

Aka gina rumfa, aka shafa fenti, inji bai zo ba. Sai manya suka sa ranar buɗewa da bazara, gab da shuka, lokacin da kowa ya riga ya sayar da cittarsa. Abin da ya rage a gidaje iri ne kawai, wanda muke tarawa a gindin mangwaro mu lulluɓe da ciyawa har ruwan fari ya sauka. Ko yunwa ta shigo gida, ba a taɓa shi.

Silvanus ya ji kunyar manya su tarar da rumfa fayau. Ya je kasuwa wurin Alhaji Sambo, dillalin citta, ya aro tsohon injinsa.

"Oga, aro ne fa," in ji Sambo. "Kada manyanku su yi hoto da shi su ɗauka nasu ne. To me za ku zuba masa? Iska?"

"Wannan ba damuwarka ba ce, Alhaji."

Daga nan ya bi gida-gida yana roƙon iri. Ya ɗaga Littafi Mai Tsarki ya rantse gwamnati za ta kawo sabon iri kafin ruwa, kuma duk gidan da ya bayar, ɗansa ne farkon wanda za a ɗauka. Don a yarda, da nasa ya fara. Yana yaye ciyawa matarsa Damaris ta fito.

"Baban Jason, iri ne fa kake kwasa."

"Bari ki ga ɗanki cikin rigar aiki tukuna."

"To. Rigar za mu shuka?"

Ya ci gaba da kwasa. Aka tsaga irin garin nan kaf, aka shanya, ya bushe.

Ranar buki aka jera samari cikin korayen riguna, ɗansa Jason a gaba yana zuba wa inji. Ƙurar citta ta sa manya atishawa, aka yi dariya, aka tafa. Washegari Sambo ya turo mota ta ɗauke kayansa.

Silvanus ya yi ta zirga-zirga zuwa ofis a kan maganar iri da inji, ana ce masa ya dawo. Ruwa ya sauka. Gonaki a gyare, babu abin binnewa. Samarin da aka yi wa alkawarin aiki suka rasa har noman da suka gada. Wasu suka tafi Mararaban Rido yin acaɓa, wasu suka shiga daji haƙar ma'adinai. Jason na cikin na biyun. Rami ya rufta da shi. Da aka tono shi, koriyar rigar nan ce a jikinsa, don ita ce mai kauri a kayansa.

Tun daga nan, kullum rana ta take tsaka, Silvanus sai ya miƙe ya ce an tayar da inji. Ya nufi rumfar, ya tsaya a ƙofa. Ya ce samarin na nan a jere, Jason a gaba da tasa a hannu, ƙasa a gashinsa, yana tambaya, "Baba, me zan zuba?"

Fasto ya je ya yi addu'a a wurin. Ni ma na bi shi. Ban ji inji ba, ban ga kowa ba. Amma ƙamshin ɗanyar citta ya bugi hancina a rumfar da babu ko ɓawo, kuma har yau awaki ba sa shiga inuwarta.

Ga abin da Silvanus ya rasa. Ɗansa. Matarsa, wadda ta koma gidan ƙannenta a Zangon Kataf ba tare da ta ɗaga murya ba. Gonarsa, da ta zama tofa. Kujerarsa ta dattijo a majami'a. Da kuma abinci, don duk miyar da aka sa wa citta, ba ya iya haɗiye ta.