Bangon Maigadi

Warin fenti ne ya fara tarar Sakatariya tun kafin ta sauka daga babur. Da ta sha kwanar asibitin unguwa sai ta ga bangon baya fari tas.

Shekara ashirin da shida Baba Maigadi yana zana layi da gawayi a wannan bango duk damina, daidai inda ambaliya ta tsaya, ya rubuta shekarar a gefe. Layin farko a gwiwa yake, na bara kuwa sai da ya yi ɗage. A kan layukan nan Sakatariya, wadda ke riƙe da takardun ƙungiyar unguwa, ta gina roƙonsu ga wani asusun duniya na sauyin yanayi, don a yi musu ganuwar tare ruwa. Wata tara tana fama da fom mai shafi sittin. Asusun ya ce sai an kawo shaidar shekara ashirin cewa ruwan ƙaruwa yake yi. Ta tura hotunan bangon, suka ce hoto kowa ma yana iya haɗawa, za su aiko wakiliya ta gani da ido. Yau ce ranar.

Kawunta, shugaban ƙungiyar, yana tsaye cikin sababbin kaya da ɗigon fenti a takalmi, sai washe baki yake yi. Ya ce jiya da ita Sakatariyar ta tafi filin jirgi tarbar baƙuwa shi ya tara mutane, kowa ya kawo abin da ya samu, suka yi shafe biyu da fentin mai. Ai ba a kai baƙon kunya gaban bango mai kama da allon 'yan makaranta.

“Kawu, bangon nan fa ta zo gani.”

“To ga shi nan, ai ya fi kyan gani.”

Ta so ta yi masa faɗa, amma ta ga hannayensa duk sun yi kanta, kuma ta san gidansa ne ruwa ke fara ci. Sai ta fasa. Laifinta ma yana ciki, don ba ta taɓa zaunar da shi ta bayyana masa cewa a wannan harka, wanda ya ɓoye tsiyarsa shi ke tashi a tutar babu.

Wakiliyar ta iso da hantsi, mace mai fara'a, da ganinta ta kwana biyu a jirgi. Ta sha lemon da aka ba ta, ta saurari bayanin Sakatariya, har ta sa farce ta ɗan kankare fentin, sai ya ɓanɓaro tare da gawayin. Ta ce wallahi ta yarda da su, amma ba za ta iya sa hannu a kan abin da ba ta gani ba. Akwai dai wata ƙofa ta rance mai sauƙin ruwa, idan suna so.

Baba Maigadi, wanda ke zaune a kan bencinsa tun safe, ya ce a tambayar masa ita: hayaƙin da aka ce ya rikita damina, daga unguwar nan ya tashi? Don shi a saninsa, ko injin wutar asibitin shekara uku ke nan bai tashi ba.

Sakatariya ta fassara. Wakiliyar ta sunkuyar da kai ta ce a'a.

“To su da suka yi ɓarnar, wa ya ce su kawo shaida kafin su yi?”

Wannan kam Sakatariya ba ta fassara ba, kuma ga alama ba a bukaci fassarar ba. Matar ta rubuta wani abu a littafinta, ta yi sallama da kowa hannu bibbiyu, mota ta ja.

Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya tsaya yana kallon farin bangonsa kamar yau ya fara ganinsa, sannan ya ɗauki bokitin fentin ya tafi ba sallama.

Baba Maigadi ya tambayi Sakatariya shekara nawa ma suka ce suna so. Ta ce ashirin. Ya jinjina kai, ya dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa, ya laluba aljihu ya ciro guntun gawayi a ƙunshe cikin leda.

“Riƙe, 'yata,” ya ce. “Kin fi ni tsawo, kin kuma fi ni sauran kwana.”