Tayar Baya

"Riƙe sirdin da kyau, Glenys, ba jariri na ba ki ba," in ji Lionel, yana durƙushe a garejinsa, hannuwansa duk baƙin mai.

Glenys, maƙwabciyarsa ta shekara talatin, ta ƙara damƙe keken. 'Yarsa Narelle na tsaye tana karanto takardar bayani, shi kuwa ko kallonta bai yi ba. Na'urar da Narelle ta sayo irin wadda ake cire tayar baya ce, a ɗora sarƙa a kan haƙoranta, a ɗaure keke wuri guda. Mutum ya yi ta takawa, ba inda za shi.

Shekara hamsin Lionel yana zagaya tafkin Ballarat a kan keke kowace safiya, har ranar da zuciyarsa ta kayar da shi a hanya. Likita ya ce shi da titi sai kallo.

"Ka ga, Baba, ga allo. Har duwatsun Faransa za ka hau."

"Faransa, ina kallon injin wanki?"

Da Narelle za ta koma Melbourne sai ta miƙo wa Glenys tayar ta saman shinge. "Don Allah ki ɓoye. In ya gan ta, gobe yana titi. Ki ce na tafi da ita."

Glenys ta tura ta bayan firji.

Kullum da safe tana jin gurnanin na'urar ta cikin bango. Ranar Asabar abokan hawansa sukan wuce a jere, wani ya ɗaga murya, "Tsoho, yau ka kai ina?"

"Na kusa bango, ɗan banza!"

Sai su yi dariya su sha kwana. Gurnanin yakan tsaya na ɗan lokaci.

A mako na uku ya zo bakin shinge da lemon tsami cike da hula.

"Glenys, na san tayar tana wurinki. Narelle ba ta sa abu mai datti a motarta."

"Ba ta wurina."

"Zagaye ɗaya. A hankali, kamar mai rakiyar gawa. Ki bi ni a mota in kina so."

Ta tuna yadda aka kwaso shi wancan karon, fuska duk a ƙuje.

"Na ce maka ba ta wurina, Lionel."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya jera lemon a kan shingen ɗaya bayan ɗaya, ya sa hularsa ya koma. Bai sake gaishe ta ba. Ta yi ta cewa a ranta gobe za ta kai masa tayar.

Kwana tara bayan nan, da tsakar rana, ya faɗi yana shanya kaya a bayan gida. Ita ta hango shi ta taga.

Bayan jana'iza Narelle ta rungume ta. "Kin yi mana komai. Ba don ke ba, da a titi ya mutu."



Da aka kwashe garejin, Glenys ce ta zo da tsintsiya. A tsakiyar siminti akwai wani farin tabo, faɗinsa kamar faranti, gishirin zufarsa da ta yi ta ɗiga a wuri guda. Ta share ko'ina, ta kewaye shi.