Sunan Aro na Gidan Bakri

"Khala Safiyyatu, me yake cewa?" Khalida ta riƙo ni, tana tambaya da Larabci.

Kakanta, Baba Haladu, maƙwabcinmu a unguwar Al-Sih, nan ƙasa mai tsarki, yana kwance, na'urar sanyi na ta ƙugi a kansa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye Larabci ya gudu daga bakinsa, sai Hausa zalla, ita kuwa yarinyar ko "zo in kashe ki" ba ta ji. Ta daɗe tana damun sa da tambayar wane ne Bakri, wanda gidansu ke amsa sunansa. Yau ya ga damar amsawa, shi ya sa aka kira ni.

"Gaya mata Bakri bai haifi kowa ba," ya ce. "Abokin tafiyar babana ne, tun daga Haɗeja, a ƙafa. Ya rasu a Sawakin, bakin teku, da takardar shiga jirgi a aljihunsa. Babana ya binne shi, ya haye teku da sunansa. Da shi aka rubuta mu duka."

Ƙofa a buɗe take, falo cike da masu dubiya, kuma a unguwarmu zance ba ya kwana gida ɗaya. Ɗansa Sabiru, ma'aikacin gwamnati, yana jin Hausa sarai. Ya tura ƙofar, gumi na tsatsafo masa. Takardun zama ɗan ƙasa, nasa da na 'ya'yansa, duk a kan sunan nan suke tsaye.

"Khalas, ya abuya," ya ce da Larabci, wato ya isa haka, Baba.

"Tsoro nake ji, Sabiru. Gobe kiyama da sunan uba ake kira. Ku riƙe na gaskiyar. Sunan babana…"

Sabiru ya kanga masa kofin zamzam a baki, ruwan na bin gemun tsohon. Sannan ya dube ni, ya yi mini Hausar da ban taɓa jin ya yi ba.

"Don Allah, Inna. Ina da yara."

Na ce wa Khalida addu'a kakanta yake yi. Tsohon ya kafe ni da ido, bai ƙara magana ba. Kafin la'asar ya cika.

Bayan sati Khalida ta ja ni maƙabartar Baƙi'a. Muka tsaya a bayan shingen ƙarfe, tunda mata ba sa shiga. Kaburbura birjik, kowanne da ɗan dutsensa, babu rubutu ko ɗaya.

"Wanne ne nasa?" ta tambaya.

Tattabaru na ta sauka a tsakanin duwatsun.