Manja a Wayar Cok

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama na haifi Selina, a shekarar kuma mijina Andrawus ya fara jan wata tsohuwar mota bodin katako, yana kwaso citta daga Kwoi zuwa Kafanchan. Motar tana da wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari da ake kira cok. Da safe in akwai sanyi sai a jawo shi injin ya tashi, in ya yi zafi a mayar. To namu jawowa yake yi, ya ƙi komawa. Sai mota ta yi ta tari, baƙin hayaƙi yana cika mana tsakar gida, ni kuma in ɗauke yarinya in gudu bayan ɗaki.

Maganin da Andrawus ya samo shi ne Clara. Tana da shagon kayan mota kusa da tashar jirgi, babanta makaniken jirgin ƙasa ne a reluwe kafin ya rasu, a wurinsa ta koyi riƙe sifana. Ba ta da aure. Kullum da safe mijina zai lallaɓa da motar har ƙofar shagonta, ta buɗe bonet ta tura abin da hannu, ya sha shayi, sannan ya kama hanyar Kwoi. Wata biyu ana haka.

"Hannun Clara ba irin na kowa ba ne," in ji shi, yana cin tuwon da na tuƙa masa.

"Nawa hannun fa, Baban Selina?"

"Naki na miya ne." Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

A zumuntar mata ma an fara tambayata ko ba na dafa shayi a gidana. Abin da nake so ɗaya ne: motar nan ta daina tsayawa a ƙofar Clara.

Ran Lahadi bayan sujada ya tafi taron maza. Na goya Selina, na hau gaban mota. Na taɓa jin yana cewa tsatsa ce ta kama wayar cok ɗin a cikin bututunta. A gidanmu kuwa in ƙofa tana kuka ko wuƙa ta yi tsatsa, manja ake shafawa. Na narkar da rabin gwangwani a wuta, na jawo maɓallin iyakarsa, na riƙa ɗiga man da gashin kaza yana gangarawa ciki. Na tura, ya shiga. Na ja, ya fito, sumul. Har waƙar coci na yi ina wanke hannu.

Na manta watan Disamba muke. Manjan da ke kicin ɗina ma da cokali nake yankarsa da safe.

Litinin da sassafe Andrawus ya ja cok da hannu biyu kafin ya fito. Mota ta tashi, ta yi aman hayaƙi, ya buga maɓallin da tafin hannu bai motsa ba, injin ya shaƙe ya mutu. Ko ƙofar gida ba ta kai ba. Ya ari keken maƙwabci. Ina tsaye na ga ya dawo da Clara a bayan keken, hannunta ɗaya riƙe da jakar sifana, ɗayan a kafaɗarsa. Ni na jawo ta har cikin gidana.

"Ina kwana, Maman Selina? Kai, yarinyar nan ta yi kumatu!"

"Lafiya," na ce, na gyara goyona.

Ta hau kan taya ta leƙa cikin injin. Ta cire murfin kafireta, ta kwance wata 'yar ƙusa da ta riƙe bakin wayar, ta taɓa ƙarfen cok ɗin da yatsa. Ya buɗe, ya rufe.

"Ka gani, direba? Kafireta ba ta da laifi. Waya ce. Je ka ja ta daga ciki, a hankali."

Ya ja, ya ja, wayar ta zaro gaba ɗaya daga bututun. Ja wur take, da daskararren abu a jikinta kamar miyar jiya. Clara ta shafa, ta sunsuna, ta dube ni.

"Wannan wane irin giris ne?" in ji Andrawus.

"Sabon shigowa ne," in ji Clara. "Saura gishiri da daddawa. Kawo mini kananzir, da filaya."

Rufa mini asiri take so ta yi, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ba zan zauna a gidana Clara tana bina bashin godiya ba.

"Ni na zuba," na ce. "Manja ne. Na gaji da mota mai shan shayi a tasha."

Clara ta yi dariya har ta riƙe bonet.

"Ƙanwata, zo ki riƙe nan." Ta miƙo mini bakin bututun, ta riƙa zuba kananzir yana fita ta ƙasa ja, sannan ruwan ƙasa, har ya fito fes. Ta nuna mini inda wayar ta lanƙwashe kusa da batir, ta miƙar da ita da filaya, ta goge tsatsar, ta ɗiga mata man inji kaɗan. Bututun ma ta sake masa hanya don kada ya lanƙwashe. "Ba man ne kaɗai ba. A nan ne wayar take kamawa tun farko. Aikin rabin awa ne."

"Rabin awa?" na ce. "Wata biyu fa?"

"Tambayi mijinki. Tun watan jiya nake ce masa ya bari in zare ta, kullum sai ya ce yana sauri, gobe."

Na juya na dube shi. Yana ta goge filogi da tsumma kamar bai ji ba.

"Mai sauri ne yake zama shan shayi, Baban Selina?"

"Injin ne nake jira ya yi zafi," ya ce, bai ɗaga kai ba.

Aka ɗaura waya. Ya ja cok, mota ta tashi, ya tura ya koma da yatsa ɗaya, hayaƙin ya washe. Ya ce bari ya sauke Clara a shago tunda ga mota.

"Ga keke," na ce. "Ta iya tuƙawa. Da rana zan je in karɓo wa mai shi."

Clara ta rataya jakarta, ta hau, tana murmushi. "Gobe kada in gan ka, direba. Sukarina ma ya huta."

Na ba shi kunun gero da citta a kwalba, wanda na dama wa kaina. Na fita har bakin titi da Selina a baya, na tsaya inda zai gan ni a madubi. A mararraba motar ta rage gudu, wajen da ya saba karyawa zuwa tasha. Ban motsa ba. Sai na ji ya sake giya, ta miƙe hanyar Kwoi.