Rigar da Auta Ba Za Ta Iya Cirewa Ba

Shekara ashirin da biyu ke nan ina kan keken ɗinki, kuma duk layinmu babu telan da zai buɗe baki ya ce ya fi ni tsaftar aiki. Ba yabon kai ba ne. Juya rigar da na ɗinka ka duba cikinta, ba za ka ga zare ko ɗaya yana reto ba. Duk inda na kai ƙarshen layi, sai na ƙyasta ashana na ɗan ƙona bakin zaren ya dunƙule, yadda ko yadin ya mutu ɗinkin ba zai warware ba. Haka maigidana ya koya mini, kuma da wannan nake tinƙaho.

To sai ga shi 'yar tela ce ke tuɓe riga a tsakiyar aji.

Autata shekararta bakwai. Likita ya ce tana da otizim, ya yi mana dogon bayani, ni dai abin da na riƙe shi ne maganarta kaɗan ce, ba ta son hayaniya, ba ta kuma kallon mutum cikin ido. Makarantu uku suka ƙi karɓarta. Ta huɗun ma sai da uwarta ta yi ta sintiri har takalminta ya cinye. Amma cikin wata guda Auta ta cire rigar makaranta sau uku. Ta ninke ta tsaf, ta ɗora kan tebur, ta koma ta zauna daga ita sai gajeren wando, yara na ta sheƙa dariya.

Shugabar makarantar ta aiko in zo. Ta cire tabarau ta ce, "Baban Auta, ni ma uwa ce. Amma iyayen yara sun fara magana. In ta ƙara ko sau ɗaya, sai dai ku nema mata wani wurin."

Wani wurin ina? Na san babu, ita ma ta san babu.

A lokacin uwar Auta ta tafi jinyar mahaifiyarta, gidan daga ni sai yarinya. Da tana nan wataƙila da ta hana ni. Ni kuwa na ɗauki matsalar kamar yadda tela zai ɗauke ta: riga na fita, to a ɗinka wadda ba ta fita. Na yanka sabon yadi mai ƙwari. Na mayar da zif ɗin baya, can tsakiyar gadon baya inda hannunta ba zai kai ba. Na ɗaga wuyan, na sa masa gam ya tsaya ƙiƙam. Kowane layi na bi shi sau biyu da zaren roba, na ƙona bakin kowanne da ashana. Na sa sitati, na goge ta har tana ƙyalli.

Mai askin da ke maƙwabtaka da shagona ya leƙo ya ce, "Tela, wannan rigar makaranta ce ko ta shiga yaƙi?"

Na ce masa ya koma kan ƙeyar mutane, ya bar wa masu aiki aikinsu.

Ranar farko ba ta cire ba. Rana ta biyu ma haka. Har waya na yi wa uwarta ina fankama, na ce abin da ya gagari likita da malamai ni na gama shi da zif ɗaya. Gaskiya na lura Auta ta daina ɗan gunjin waƙar da take yi in tana jera murafan kwalba a bakin taga, abinci ma sai ta kalla ta ture. Na ce kewar uwa ce. Da safe in ina ja mata zif na ga wuyanta ya yi ja, na ce ƙurajen zafi ne, na barbaɗa mata hoda. Tana tsaye kamar itace, ni kuma ina cewa, "Yauwa 'yar Baba, kin zama babbar yarinya."

Rana ta uku, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, malamar ajinsu ta kira ni. Na bar wandon wani a ƙarƙashin allura na fita, ina tafe ina masifa ni kaɗai, wai yaya aka yi ta kai hannu ga zif ɗin.

Ba ta kai ba. Na tarar yara sun fita shan iska, ajin babu kowa sai malamar a durƙushe gaban wani tebur. Auta na ƙarƙashinsa. Rigar na jikinta lafiya lau, ko yamutsewa ba ta yi ba. Ta buɗe hannuwanta gefe ta riƙe su a iska don kada su taɓa jikinta, tana numfashi sama-sama, idonta a bushe.

Malamar yarinya ce, ba ta kai ƙanwata ba. Ta ce a hankali, "Tun safe haka take. Baba, ka ba ni izini in zuge."

Ta zuge zif ɗin, ta zame rigar daga kafaɗun Auta.

Innalillahi. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Layi ja ya tashi daga wuyanta ya sauka kan kafaɗa, ya zagaye hammata, ya gangara haƙarƙari har ƙugu, gefe biyu daidai wa daida. A wasu wuraren fatar ta saɓule inda ta yi ta susa ta saman yadi. A ƙarshen kowane layi kuma akwai ɗan ɗigon jini da ya bushe. Ban buƙaci kowa ya gaya mini ba. Na san wannan layin. Ɗinkina ne, ko a cikin dubu zan gane shi, har inda na ɗan lanƙwasa a hammata.

Na ce, "Amma na shafa cikin rigar da hannuna. Wallahi sumul take."

Malamar ta kalli yatsuna. Ni ma na kalle su. Shekara ashirin da biyu na allura da almakashi da dutsen guga, kan yatsun nan ya yi kanta, ko ruwan zafi ba su cika ji ba. Ta juya rigar, ta miƙo mini ta ce, "Goga a wuyanka, nan bayan kunne."

Na goga. Dunƙulen zaren da na ƙona ya karce ni kamar ƙaya. Sai da na zabura.

"Kai sau ɗaya ka goga," in ji ta. "Irin su Auta, fatarsu ba ta sabawa. Mu in mun sa riga, bayan minti biyu mun manta da ita. Ita yadda ta ji da safe haka za ta yi ta ji har a tashi. Da can tana cirewa ta huta."

Kunya da tsoro suka rufe ni lokaci guda. Yarinyar nan hanya ɗaya take da ita ta gaya mana tana shan wuya, ni kuma na zauna da basirata da ƙwarewata na toshe hanyar. Har waya na yi ina fankama.

Malamar ta lulluɓa mata mayafinta, na goyo ta zuwa gida. Na wanke mata wuraren, na shafa magani. Da la'asar na koma shago da ita, ta zauna kan buhun ƙyallaye. Na ɗauko ragowar yadin makaranta na wanke shi sau uku har ya yi laushi. Da ya sha iska na yanka. Babu gam, babu zif, babu zaren roba, ashana kuwa na jefa ta kwandon shara. Sai na tsaya ina tunanin inda zan kai haɗin yadin, don duk yadda na kwantar da shi a ciki sai ya yi tudu. A ƙarshe na juya aikin, na fitar da kowane haɗi waje.

Mai aski ya leƙo, ya ga rigar, ya riƙe baki. "Tela, lafiya? Ko ɗan koyo na wata ɗaya ba zai yi wannan ba." Sai idonsa ya kai wuyan Auta. Ya juya ya je ya rage ƙarar rediyonsa.

Washegari shugabar makaranta ta tare mu a bakin ƙofa. "Baban Auta, ta sa rigar a bai-bai. A gyara mata kafin ta shiga."

"Ba a bai-bai take ba, ranki ya daɗe. Haka na ɗinka ta."

"Kai? Da gangan?"

Iyaye biyu da nake yi wa ɗinki suna tsaye suna kallo. Na ɗan janye wuyan rigar na nuna mata kafaɗar Auta. Ta sunkuya ta duba. Daga baya ta ce, "Sharaɗina yana nan. Mu ga yadda yau za ta kasance."

Ban buɗe shago ba. Na zauna kan dakalin da ke kallon makarantar, duk wayar da ta yi ƙara a kusa sai na lalubo tawa na duba. Da aka buga ƙararrawar tashi yara suka yi ta fitowa, Auta kamar kullum ita ce ta ƙarshe, tana bin jikin bango. Rigar na jikinta, haɗin yadi a waje yana kaɗawa, hannuwanta a sake.

Ta zo ta tsaya kusa da ni tana kallon ƙasa. Na ce mu tafi. Mun yi nisa kaɗan sai na ji ƙaramar muryarta, kamar da kwalta take magana.

"Baba. Yau riga ba ta cije ni ba."

Na tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani mai babur ya zage ni. Tun ranar da aka haifi yarinyar nan, babu rigar da ta taɓa shiga jikinta wadda ba ni na ɗinka ba.